Baƙin Ostareliya Da Koyon Turanci

Akwai wata ƙasa mai nisa da a ke kira Ostareliya. Tana can kudu maso gabas da ƙasar Indiya, teku ya kewaye ta ko ta ina. Girmanta ya yi takwas ɗin Nijeriya, amma tsakiyarta hamada ce, saboda haka yawancin mutane a bakin teku su ke zaune. Tana da mutanenta na asali, baƙaƙen fata, masu harsuna iri iri. Turawan Ingila suka sauka can a 1788, suka mallake ƙasar. Tun daga nan Turanci ya zama harshen hukuma da na kasuwa.

Yau za mu ba ku labarin waɗansu baƙi da suka je ƙasar nan neman abinci. Magidanta ne, da matan aure, har da masu furfura. Sun je ba su jin Turanci ko kaɗan, dole ta sa suka koma aji da girmansu, kamar yadda ku ke zaune yanzu.

Abin Da Ya Kai Su

Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, ƙasashen Turai sun lalace ƙwarai. An rushe birane, an ƙone gonaki. Dubban mutane suna zaune a sansani cikin Jamus da Ostiriya da Italiya, ba gida, ba aiki. Waɗansu kuwa suna tsoron komawa ƙasarsu, domin sojan Rasha sun mamaye ta.

Ita kuma Ostareliya tana da tata damuwa. Mutanenta a lokacin ba su kai miliyan takwas ba. A 1942 jiragen saman Japan sun zuba wa garin Darwin bama-bamai, abin ya tsorata su. Suka ga ƙasa mai faɗi haka ba ta tsaruwa da mutane kaɗan, ga kuma aiki jibge, ba masu yi. Sai Gwamnati ta buɗe ma'aikatar kula da shigowar baƙi a 1945, ta ɗora wani minista, Arthur Calwell, a kanta.

Da fari mutanen Ingila su ke so, don harshensu ɗaya. Har aka sauƙaƙa musu kuɗin jirgi, babban mutum ya biya fam 10 kurum. Amma ba su isa ba. Sai aka waiwayi mutanen sansani. Jirgin ruwa na farko ya iso tashar Fremantle a watan Nuwamba 1947, ɗauke da mutum fiye da 800 daga Istoniya da Latbiya da Lituweniya. Cikin 'yan shekaru aka kwaso wajen mutum 170,000 daga sansanonin nan. Bayansu mutanen Italiya da Girka da Holan da Jamus suka biyo. Kafin ƙarshen 1955 baƙin da suka shigo bayan yaƙi sun kai miliyan ɗaya.

A zamanin nan Turawa kaɗai a ke karɓa. Tun 1901 akwai wata doka ta hana waɗanda ba farar fata ba shiga. Ma'aikaci ya kan karanta wa baƙo kalmomi 50 da kowane harshen Turai ya ga dama, ya ce ya rubuta. In ya kāsa, sai a mai da shi inda ya fito. An soke jarrabawar nan a 1958, aka kawar da sauran bambancin launin fata a 1973.

Makaranta A Kan Teku

Gwamnati ta gane mutum ba ya zama ɗan gari sai ya ji maganar mutanen gari. Saboda haka a 1948 ta kafa shirin koya wa manyan baƙi Turanci kyauta. Ba a jira sai sun iso ba. A kan fara tun suna sansani a Turai, sa'an nan a sa malamai cikin jirgin da zai kawo su.

Tafiyar ta kan ci wajen wata guda a kan ruwa. Ba gona, ba kasuwa, ba inda mutum zai je. To, maimakon a yi ta zaman banza ana kallon teku, sai a taru a yi karatu. Kafin jirgi ya kai gaci, mai ƙoƙari ya iya gaisuwa, ya iya faɗin sunansa da sana'arsa, ya san ƙirga, ya san sunan kuɗin ƙasar da za shi.

In sun sauka, a kan ɗauke su a jirgin ƙasa zuwa masauki. Babban masaukin shi ne Bonegilla, wani tsohon barikin soja a jihar Biktoriya, kusa da kogin Murray. Ɗakunan na kwano ne, da rani zafi, da hunturu sanyi. Baƙin sun yi ta kukan abinci, wai kullum naman tumaki, ga shi ba irin dahuwar gida ba. Daga 1947 zuwa 1971 mutum fiye da 300,000 suka bi ta wurin. Yawancinsu 'yan makonni su kan yi, suna zuwa aji, suna jiran a ba su aiki.

Yadda Malamai Suka Yi

Ku duba wahalar malamin. A aji ɗaya ga mutumin Polan, ga na Hungari, ga na Yukiren, ga na Latbiya. Wannan ba ya jin wancan, shi kuma malam ba ya jin ko ɗayansu. Ba halin fassara ke nan. Yaya za a yi?

Sai suka yi dabara. Malam ya kan shigo da kaya a hannu. Ya ɗaga ƙoƙo, ya faɗi sunansa da Turanci, aji duka su maimaita. Ya ɗaga cokali, su maimaita. Ya tashi ya buɗe ƙofa, yana faɗin abin da ya ke yi. Ya rufe, ya faɗa. Sa'an nan ya nuna wani ɗalibi, shi ma ya tashi ya buɗe ƙofar, ya faɗa da bakinsa. Ido na gani, kunne na ji, baki na maimaitawa. Sai magana ta zauna a baki tukuna a ke rubuta ta a allo.

Ba su fara da manyan littattafai ba. Sun fara da abin da mutum zai bukata gobe da safe. Yau a mai da aji kanti, ɗaya ya zama mai kanti, ɗaya mai saye, a tambayi kuɗin burodi, a ƙirga canji. Gobe a mai da shi tasha, a sayi tikiti, a tambayi ƙarfe nawa jirgi zai tashi. Jibi a mai da shi asibiti, mutum ya koyi gaya wa likita inda ke masa ciwo. Haka har a kai ga gidan waya, da ofishin 'yan sanda, da yadda a ke cika takardar neman aiki.

Amfanin dabarar nan shi ne, abin da mutum ya koya yau, yau ɗin zai mora. Babban mutum ba kamar yaro ba ne. Yana da iyali, lokacinsa kaɗan ne. In ya ga karatu na biya masa bukata, gobe ma zai dawo.

A Wurin Aiki

Waɗanda aka kwaso daga sansani sun sa hannu a takardar alkawari, cewa za su yi shekara biyu suna aiki duk inda Gwamnati ta tura su. Maza aka rubuta su lebura, mata kuma masu aikin gida ko na asibiti. Aka tura waɗansu saran rake, waɗansu gyaran hanyar jirgin ƙasa, waɗansu masana'antar ƙarfe.

Cikinsu kuwa akwai likitoci, da malaman makaranta, da injiniyoyi. Mutum ya yi shekaru yana duba marasa lafiya a ƙasarsa, ga shi yau da shebur a hannu. Abu biyu suka jawo haka. Na ɗaya, hukumomin Ostareliya sun ƙi yarda da takardun shaidar da suka zo da su. Na biyu, ko an ce su sāke jarrabawa, da Turanci za a yi ta. Ilmin yana nan cikin kai, amma ba bakin fid da shi.

Babban aikin da ya tara baƙi shi ne na duwatsun Snowy, inda dusar ƙanƙara ke zuba. An fara shi a 1949, aka gama a 1974. An gina manyan madatsun ruwa 16, aka huda duwatsu, aka juya ruwan koguna domin samun lantarki da noman rani. Wajen mutum 100,000 suka yi aiki a nan, daga ƙasashe fiye da 30. Waɗansunsu ma jiya jiya suka gama yaƙi da juna.

Aiki ne mai haɗari, har mutum 121 suka rasa rayukansu. Ana fasa dutse da nakiya a cikin rami mai duhu. In heluma ya yi tsawa ya ce a gudu, ba lokacin neman tafinta. In an kafa allo an rubuta gargaɗi, wanda bai iya karantawa ba zai bi ta wurin. Ga kuma maganar ci gaba. Wanda ya ji Turanci shi a kan ɗora bisa sauran, shi a kan koya wa tuƙin injin, albashinsa ya ƙaru. Shi ne kuma zai karanta takardar albashinsa ya gane in an rage masa wani abu.

Don haka aka buɗe ajin dare a garuruwa da wuraren aiki. Mutum ya wuni yana fama, ya yi wanka, ya ɗauki littafinsa ya tafi. Wanda ke can nesa, inda ba aji, sai a aika masa da darasi ta gidan waya, ya yi, ya mayar, malam ya gyara. Gidan rediyon Gwamnati kuma ya riƙa ba da darasi, mutum na bi da littafi a hannu.

Waɗanda Aka Bari A Baya

Kada ku ce kowa ya iya. Da yawa sun fara, suka bari. Wani gajiya ta hana shi. Wani yana aikin dare. Wani ya sami unguwar da 'yan ƙasarsu suka taru, da kantinsu da majami'arsu, ya ga ai ko ba Turanci zai rayu. Wani kuwa kunya ce kurum, yana tsoron ya yi kuskure a yi masa dariya.

Mata su suka fi cutuwa. Miji yana tsintar magana a wurin aiki, yara suna koyo a makaranta, ita kuwa tana gida da goyo. Bayan shekara goma sai ka ga uwa ba ta iya zuwa asibiti sai ta ja ɗanta ƙarami ya yi mata tafinta. Abin da bai kamata yaro ya ji ba, dole ya ji. Wasiƙa ta zo daga makaranta a kan laifin yaro, shi yaron ne zai karanta wa uban. Kun ga girman iyaye ya ragu a idon 'ya'yansu.

Da hukuma ta lura da haka, sai ta ƙara gyara. A 1973 aka buɗe ofishin tafinta ta wayar tarho, domin wanda larura ta kama. Cikin shekarun nan kuma aka samo 'yan sa kai, mutanen gari, masu zuwa har gida su zauna da baƙo ɗaya, su koya masa. Daga baya aka riƙa tanadar masu renon yara, don uwa ta samu ta zauna a aji.

Shirin bai tsaya ba. Bayan 1975 mutanen Biyetnam suka zo, da na Lebanan, daga baya na Sudan da Afganistan. Cikinsu akwai waɗanda ba su taɓa riƙe alƙalami ba ko da harshensu, sai da aka fara musu daga baƙaƙe. A 1992 doka ta ba baƙo awa 510 na karatu kyauta. Aka ga ba su isar mutane da yawa, sai a 2021 aka cire iyakar. A ƙidayar 2021, fiye da mutum ɗaya cikin huɗu na Ostareliya a wata ƙasa aka haife shi.

Abin Lura

Jama'a, mutanen nan aikinsu ya fi naku wuya. Su sabon harshe suka fuskanta, a baƙuwar ƙasa, cikin kewar gida. Ku kuwa harshen da kuka sha a nono ku ke koyon rubutawa. Waɗanda suka iya a cikinsu ba su fi sauran ƙwaƙwalwa ba. Sun riƙa zuwa aji ne ko da gajiya, suka buɗe baki ba su ji kunyar kuskure ba, suka yi aiki da ɗan abin da suka koya tun ran nan. Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilmi. To, abin da malam ya koya muku yau, ku gwada shi kafin ku kwanta. Ku karanta rasit ɗin haraji da kanku, ko ku rubuta wa ɗan'uwa layi biyu. In kun koma gida kuma, ku tuna da matan da ke ciki.

Tambayoyi

1. Me ya sa Ostareliya ta nemi baƙi bayan 1945?
2. Yaya malam ya koyar da ajin da ba ya jin harshensu?
3. Waɗanne abubuwa biyu suka sa likita ya zama lebura?
4. Me ya hana mata da yawa koyon Turanci, kuma wane gyara aka yi?