Yawo da kare cikin dusar ƙanƙara a karkarar Kebek

A ƙauyukan Kebek, ƙasar Kanada, sanyin Janairu kan kai digiri 20 ƙasa da sifili, rana ta faɗi tun ƙarfe 4 da rabi. Amma mun tarar mai kare ba ya fashin fita da shi, tunda a ɗaki yake kwana. Mun bi su har hanyar daji. Gishirin da ake barbaɗa wa titi yana ƙona tafin kare, ƙanƙara na dunƙulewa tsakanin yatsunsa, sai an sanya masa takalmi. Igiya ma dole ce: baburan ƙanƙara irin Ski-Doo, da suka fito tun 1959, ba sa sallama. Ashe hunturun Tawa wasa ne.