Injin Yankan Bishiya Ba Abin Wasa Ba Ne

Da zarar iskar farkon damina ta kayar da darbejiya a Dutse ko Kiyawa, sai ka ji kukan injin yankan bishiya, yara sun yi cincirindo suna kallo. Wasu ɗalibai ma kan bi masu aikin lokacin hutu don samun na kashewa.

Babban haɗarin yana can bakin injin, inda sarƙar ke juyawa. Idan saman bakin ya taɓa reshe, injin kan yi tsalle baya, ya nufo fuska kafin ƙiftawar ido. Shi ya sa gwanaye ke riƙe shi da hannu biyu, ba sa yanka sama da kafaɗa, kuma sai sun gwada birkin sarƙa kafin su fara.

Wajen zuba fetur, a kashe injin ya huce, sannan a matsa aƙalla mita 3 kafin a tayar. Ƙararsa ta wuce desibel 100, dole a toshe kunne. A sa tabarau, hular kwano da takalmi rufaffe. Silifas ba ya kare ƙafa.

Kai kuma ɗan kallo, idan ana kayar da bishiya, ja baya ninki biyu na tsawonta. Mai injin ba zai ji kiranka ba.