Masu kai iyali ganin gida a Adar, ku ji tsoron ƙorama

Da an rufe makarantu a ƙarshen watan Yuni, tashoshin Madawa da Tawa sai su cika da iyalai. Ma'aikaci daga Yamai, ɗan kasuwa daga Maraɗi ko Kwanni, ɗan bida da ya dawo daga Abijan ko Libiya, kowa da jakar tsaraba da garken yara, za a kai su ganin kakanni a ƙauyukan kan duwatsun Buza da Keita. Wannan al'ada ba ta da aibi. Yaron da aka haifa a birni ya kamata ya ga inda aka binne cibiyar ubansa, ya sha furar da kakarsa ta dama, ya hau dutse ya hango kwarin Maggiya ya yi kore shar, da layukan dogon yaron da aka fara dasawa tun 1975 don kare gonaki daga iska. Sai dai hutun nan ya faɗo daidai tsakiyar damina, Yuli da Agusta, lokacin da ƙoramun Adar ke kan ganiyarsu. Abin da nake gani mutane na yi a bakin waɗannan ƙoramu shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Wata ranar kasuwa, a hanyar Buza zuwa Keita, muka tarar da ƙorama ta kawo. Sama fes take, rana na dukan mutane, ko ɗigo bai sauka a inda muke ba. Amma ruwan ja wur yake, yana tafe da rassa da karan gero, ƙararsa ta hana mutum jin na kusa da shi. Motoci sun tsaya ta nan da ta can, har da manyan da suka saba da hanyar. Sai ga wani bawan Allah a ƙaramar motarsa mai lambar Yamai, da uwargida a gaba, yara huɗu a baya, but cike da kaya. Ya ratsa layi ya zo gaba.

Wani dattijo na ƙauyen da ke zaune a gindin itace ya taso ya ce masa: "Alhaji, ka dakata. Ruwan dutse ne, yanzu ma yake zuwa. In ka yi haƙuri kafin magariba zai faɗa."

Ya ce: "Baba, ni ɗan nan ne. A ƙoramar nan na yi wanka ina yaro."

Matar ta ce: "Alhaji, to bari mu sauka ni da yara."

Ya ce: "Ke dai zauna."

Samari suka fara ihu, wasu na cewa shiga, wasu sun riga sun ɗaga salula suna ɗauka. Ya shiga. Bai kai tsakiya ba mota ta mutu. Ruwa ya daki gefenta, bayanta ya fara juyawa kamar ƙwarya a kan tafki, tayar baya ta zame daga kan daɓen siminti. Allah ya sa akwai igiya a motar wani mai ɗaukar albasa, ya kuma sa akwai samarin ƙauyen da suka san inda ake taka ƙafa. Ta taga aka fiddo yaran ɗaya bayan ɗaya, ƙaramar tana ihu ta riƙe wuyan wanda ya ɗauke ta har ya kusa faɗuwa. Ba a rasa rai ba. Tsarabar da aka sha wahalar saye ta bi ruwa, motar ta kwana a nan. Mu da muka jira, kafin magaribar da dattijon ya faɗa ruwan ya koma iya idon sawu, muka ƙetare lafiya lau.

Abin da ya fi ba ni haushi ya biyo baya. Mutumin yana tsaye rigarsa na ɗiga, jama'a na yi masa jaje, yana ta cewa tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Wane irin tsautsayi? An gaya maka, ka ƙi ji. Matarka ta roƙe ka, ka tsawata mata. Ka ga direbobin da ke bin hanyar nan kullum sun kashe mota sun zauna. Malamai sun sha gaya mana cewa tawakkali bai hana a ɗaure raƙumi ba. Wanda ya tura ƴaƴansa cikin ruwa don kada a ce ya ji tsoro, ganganci ya yi, kuma ya kamata a faɗa masa haka ko da ana yi masa barka.

Kowa a Adar ya san dalilin da ya sa ƙorama ke kawowa ba tare da an ga hadari ba, amma kamar ana mantawa da zarar an yi shekara biyu a birni. Saman duwatsunmu fako ne da tsakuwa, ba ya shan ruwa. Abin da ya sauka a can, nesa da hanya, gaba ɗaya yake gangarowa ta kwazazzabai ya haɗu a ƙorama guda, ya nufi Maggiya, ko kwarin Keita, ko na Badagishiri, ko Tarka ta wajen Madawa. Aikin raya karkara na Keita da aka fara a 1984, da kuɗin Italiya da taimakon hukumar FAO, wanda mata suka fi kowa ɗaukar duwatsunsa a ka, ya gina kandagarki da madatsun ruwa, ya dasa miliyoyin itatuwa, ya rage wa ruwan gudu a wurare da yawa. Ragewa ya yi, bai hana ba, kuma wasu ayyukan sun tsufa. Ƙoramar da ka yi wanka a cikinta kana yaro ta ci gaɓarta, ta ƙara faɗi da zurfi, kai ba ka nan.

Ita kuma mota, nauyin da kake taƙama da shi a kan kwalta ba ya aiki a cikin ruwa. Masana harkar ambaliya sun auna: ruwa mai gudu da ya kai santimita 15, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babban mutum, santimita 30 na iya ɗaga ƙaramar mota, santimita 60 kuwa, wajen gwiwa ko sama kaɗan, yana tafiya har da manyan motoci. Sannan jan ruwa ba ya nuna abin da ke ƙasansa. Daɓen simintin da aka shimfiɗa a mashigi yana da iyaka, kuma can ƙasan bakinsa ruwa ya kan haƙa rami. Wani lokaci ma ruwan jiya ya riga ya cinye rabin daɓen. Direba na hasashen inda hanya take ne kawai.

Wanda yake ganin ina zuzuta magana ya tuna daminar 2024. A watan Agusta na shekarar, a cikin jihar nan ta Tawa, ruwa ya tafi da motocin fasinja a hanyar Telemses, mutum sama da 50 suka rasu lokaci guda. A faɗin Nijar ambaliyar shekarar ta ci rayuka fiye da 300, ta katse hanyar ƙasa mai lamba 1 a kusa da Yamai, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. An yi jana'iza, an yi ta'aziyya, damina ta zagayo, ga mu nan a bakin ƙorama muna cewa direba shiga.

Fasinjojin motar haya su ma suna da kasonsu. Direban Hiyas yana lissafin sawu ne, yana so ya kai ya dawo kafin kasuwa ta watse, ga kaya an labta a sama har motar na rangaji. In ya ce zai shiga, sai ka ga magidanci da iyalinsa a ciki ya yi gum, wai kunya yake ji kada a ce ya cika tsoro, ko kuma yana jin zafin kuɗin motar da ya riga ya biya. Jika nawa ne kuɗin? Ka buɗe baki ka ce a sauke ka da iyalinka. Sau da yawa mutum ɗaya in ya sauka, sauran ma sauka suke yi, direban kuma ba ya shiga da mota wayam yana ganin kuɗinsa a tsaye a gaɓa. Na kabu-kabu ya fi muni: mace da goyo a baya, yaro a kan tanki, wani a tsakiya, a ce za a ratsa ruwa da babur. In ya karkace, da wane hannu za ta kama wa? Haka masu cewa a ba samari ɗari biyar su riƙe mota ta gefe su tura. Ran ɗan wani kake saye da ɗari biyar, kuma hannun mutum goma ba ya tare motar da ruwa ya ɗaga.

Ga mai niyyar tafiya, shirin daga gida yake farawa. Kafin ka tashi, kira ƴan'uwa a ƙauye ka tambaya ko an yi ruwa jiya a kan dutse, da halin da mashigai ke ciki. In babu rezo a garinku, akwai ɗan garin da ke zaune a Buza ko Tamaske da zai sani. Ka yi sammako, don hadarin damina ya fi haɗuwa da yamma da dare, kuma wanda ya isa bakin ƙorama da hantsi yana da yini guda na jira, wanda ya isa da almuru kuwa duhu ne zai matsa masa ya yi wauta. Da dare kada ka shiga ruwa mai gudu ko da kana ganin kaɗan ne, fitilar mota ba ta nuna zurfi. Ka riƙe ruwan sha da abin taɓawa na yara, domin yawancin masu kutsawa kukan yaro da yunwa ke tunzura su.

In ka tarar ta kawo, ka ja da baya ka tsaya a tudu. Ka kafa kara ko ka ajiye dutse a bakin ruwan, ka duba bayan ɗan lokaci: in ya rufe alamar, ƙaruwa yake, in ya janye, ka ci gaba da jira har ka ga daɓen da idonka, ko ka ga mutanen wurin na ratsawa ruwan bai wuce idon sawunsu ba. Ka tambayi dattijan ƙauyen, kuma in sun faɗa ka ji. Ƙoramar dutse ba gulbi ba ce, yadda take saurin kawowa haka take saurin faɗawa, jiran sa'o'i kaɗan ne galibi. In ya kama a kwana, a kwana. Babu ƙauyen Adar da zai bar mace da yara su kwana a waje. Ko ruwa ya janye, a sauke iyali su taka da ƙafa bayan an gwada, mota ta bi a hankali ita kaɗai. Kuma don Allah a daina shimfiɗa tabarma a cikin busasshiyar ƙorama don yashi da inuwa, a daina barin yara suna wasa a ciki. Ruwan da ya taso daga dutse ba ya sallama. In kuwa ƙaddara ta sa ruwa ya ritsa da ku a mota, a sauke gilashi nan take tun wutar motar ba ta ɗauke ba, a kwance bel, a fara fidda yara ta taga, a manta da jaka da salula.

Isa ƙauye ma ba shi ne ƙarshen lura ba. Tafkin Keita, madatsar Ibohaman, da ramukan da masu aikin hanya suka haƙa suka bari, duk cike suke a wannan lokaci. Yaran ƙauye sun san inda ke da zurfi, ɗan birni bai sani ba, kuma ba ya so a raina shi. Ban da nutsewa akwai tsargiya a ruwan kwance. Sai sauro: ku tafi da gidan sauronku, kada ku dogara da na kaka, kuma in masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin damina na ƴan ƙasa da shekara 5 sun zo, ku miƙa naku yaran. Jikin yaro ya yi zafi, a kai shi likita mafi kusa tun da rana. Wanda ya ce bari mu ga gobe, yana iya wayar gari ƙorama ta shiga tsakaninsa da asibitin Madawa ko na Galmi, a lokacin kuma ko ni ba zan iya ce masa ya jira ba.

Masu yin akasin wannan tafiya, wato ɗaukar iyali daga ƙauye zuwa Tawa ko Maraɗi, ko zuwa Yamai don yara su ga gidan tarihi na Bubu Hama da namun dajinsa da gadar Kennedy, su ma sai sun fito ta waɗannan mashigai kafin su hau kwalta. Daga Madawa zuwa Yamai kimanin kilomita 500 ne, don haka a bar gida da wuri, a riƙe katin ɗan ƙasa da takardun haihuwar yara, a rubuta lambar waya a sa wa kowane yaro a aljihu. A bakin kogin Kwara kuma kada a ɗora yara a kwalekwale don ɗaukar hoto.

Ina roƙon shugabannin Buza, Keita, Madawa da ƙananan hukumominsu su kafa sanduna masu alamar zurfi a manyan mashigai, da jan fenti inda ya zama haɗari. Kuɗinsu bai kai na walima guda ba. Gidajen rediyon karkara su riƙa sanar da ƙoramun da suka kawo kamar yadda suke sanar da rasuwa da ɗaurin aure. Limamai su taɓo batun a huɗuba tun farkon damina. Kai kuma maigida, ko da sanda ko babu, in ka iso ka ga ruwa ja yana gudu, kashe mota ka sauke iyalinka, ku jira.