Yadda ƙwayar fangas ke shiga jinin masu jinyar korona da mura mai tsanani

Majinyacin da korona ko mura mai tsanani ta kwantar a sashen kulawa ta musamman yakan yi mako ɗaya ko biyu a kan na'urar taimaka wa numfashi, har a fara ganin alamar sauƙi a huhunsa. Kwatsam sai zazzaɓi ya dawo, jininsa ya sauka. A ƙara masa magungunan kashe bakteriya, a sauya wasu, amma jikin ya ƙi yin sanyi. A wasu majinyatan, abin da ya shiga jinin fangas ce, wadda waɗannan magunguna ba sa taɓa ta.

Fangas dangi ce ga fumfunar da ke fitowa a kan burodi da ƙwayoyin da ke haddasa makero da ƙyasbi. Wadda ta fi shiga jini ita ce Candida, kuma ba baƙuwa ba ce a jikin ɗan Adam. Tana zaune a baki da hanji da fatar masu ƙoshin lafiya ba tare da ta cutar da su ba, domin garkuwar jiki da bakteriya masu amfani na hana ta yaɗuwa.

Abin da ke ɗaure wa likitoci hannu shi ne, kayan da ake ceton rai da su ne ke buɗe mata ƙofa. Mai jinya mai tsanani ana zura masa siririn bututu a babbar jijiyar wuya ko ta ƙirji domin ba shi magani da ruwa, wani lokaci har da abinci. Candida na manne wa jikin bututun, ta yi masa wani irin danƙo da magani ba ya ratsawa sosai, daga nan ta riƙa zuba cikin jini. Magungunan kashe bakteriya masu ƙarfi kuwa ba sa bambanta mai cuta da mai amfani, sai su share hanji su bar mata fili.

Sai kuma dexamethasone. A watan Yunin 2020 wani babban gwaji da aka yi a Birtaniya mai suna RECOVERY ya nuna cewa maganin na rage mutuwar masu korona da ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Nan da nan asibitocin duniya suka rungume shi, kuma da gaskiyarsu. Sai dai yana yin wannan aiki ne ta hanyar danne garkuwar jiki, yana kuma ɗaga sukarin jini, abubuwa biyu da fangas ke so. A Indiya a 2021, inda masu ciwon sukari suke da yawa kuma aka yi ta ba da irin wannan magani babu ƙaƙƙautawa, mutum sama da 40,000 suka kamu da wata fangas dabam da aka laƙaba wa "baƙar fangas", mai cin hanci da ido, har ta kai ga ƙwaƙwalwa.

Gano Candida a jini ba abu ne mai sauƙi ba. Ba ta da wata alama tata ta kanta, zazzaɓi ne da ɗari kamar kowace cutar jini. Dole a ɗebi jinin a ajiye a ɗakin gwaje-gwaje har ƙwayar ta tsiro, abin da kan ɗauki kwana biyu ko uku, kuma gwajin yakan kasa gano kusan rabin waɗanda cutar ta yi wa nisa a jiki. Kowane jinkiri wajen fara magani na ƙara haɗarin rasa rai. Wani bincike da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta yi a 2020 ya gano cewa mutuwa tsakanin masu Candida a jini tare da korona ta kusan ninka ta waɗanda ba su da korona.

Annobar ta kuma ba wani sabon nau'i damar yaɗuwa. Candida auris, wadda aka fara bayyana ta a Japan a 2009 bayan an samo ta a kunnen wata majinyaciya, tana iya yin makonni a jikin gado da kayan aikin asibiti, ta tashi daga wannan majinyaci zuwa wancan. Galibinta ba ta jin fluconazole, maganin da ya fi araha. A Amurka, waɗanda suka kamu da ita sun tashi daga 476 a 2019 zuwa 1,471 a 2021, lokacin da ɗakunan jinya suka cika, ma'aikata suka gaza, ake maimaita rigunan kariya. A watan Oktoban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin fangas huɗu mafiya haɗari, kuma a shekarar ne masu bincike suka wallafa rahoton samun ta a jinin majinyata a Najeriya.

Idan an tabbatar da cutar, akan cire bututun jijiyar in da hali, a fara allurar caspofungin ko danginta, a ci gaba har kwana 14 bayan gwaji ya nuna jinin ya tsarkaka. Likitoci da dama kan sa a duba idon majinyaci, domin ƙwayar na iya sauka a can ta lalata gani.

A nan gida, waɗannan allurai suna da tsada kuma ba kowane asibiti ke da su ba, haka ma na'urar tantance nau'in fangas. Dexamethasone da magungunan kashe bakteriya kuwa ana sayen su a kemis babu takardar likita, wasu ma don ƙara ƙiba suke shan na farkon. Duk wanda ya daɗe yana sha, ko yake da ciwon sukari, ya kamata masu jinyarsa su shaida wa likita tun ranar da aka kwantar da shi.