Kafin Ka Sayi Sabon Batir, Ɗauki Mita Ka Hau Kwano



A watan Afrilun da ya wuce, wajen ƙarfe uku na dare, kukan inbata ya tashe ni a gonarmu da ke bayan garin Zariya. Ina fitowa na tarar wuta ta ɗauke, injin ƙyanƙyasa ya mutu, ga ƙwai a ciki sun kwana 14. Wanda ya taɓa ƙyanƙyasa ya san abin da nake nufi. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, kuma yana son zafin digiri 37.5 ba yankewa. Na tada janareta, na zauna gadinsa har gari ya waye.

Solar tamu ta kai shekara bakwai. Faranti huɗu ne masu wat 300 a haɗe gefe da gefe, batir biyu masu ruwa da ke ba da bolt 24, da kwantirola irin ta PWM. Ita ke riƙe da injin ƙyanƙyasa, fitilun ɗakin 'yan tsaki, da ƙaramin famfon kwamin tarwaɗa.

Da safe na kira mai gyara. Ya leƙa inbata, ya ce, "Malam, batir ɗinka sun gaji, sai sabbi." Na ce, "Injiniya, bara fa na saya." Ya ce ai batirin yanzu ba su da ƙwari. To wallahi saura kaɗan in sayar da kajin gidan gona in biya. Abin da ya tsayar da ni shi ne, da tsakar rana, rana na dukan kwano, batir ɗin ba ya wuce bolt 26. Batirin bolt 24 sai ya kai wajen 28.8 ya ɗan zauna a nan kafin a ce ya cika. Idan bai taɓa kaiwa can ba, ta yaya za ka ce ya gaji? Yunwa ce kawai take cin sa.

Sai na ari mita na hau sama. Kafin ka taɓa komai, ka fara cire wayar faranti daga kwantirola, kada ka zare mahaɗin waya alhali wuta na bi ta ciki, yana iya tartsatsi. Daga nan ka raba farantan, ka auna kowanne shi kaɗai. A bayan kowane faranti akwai takarda da aka rubuta Voc, wato bolt ɗin da zai nuna idan ba a jona shi da komai ba. Namu 45 ne. Kada ka sa ran ganin 45 cif a zafin Afrilu, domin an auna shi ne a digiri 25, kuma duk digiri ɗaya da farantin ya ƙara zafi yana rage kusan kashi 0.3 cikin 100 na bolt. Uku daga ciki sun ba ni 40 zuwa 41. Lafiya lau. Na huɗun ya ba ni 27.

Nan ne abin ya fito. Wannan ba tsufa ba ne. Tsufan faranti a hankali yake tafiya, kusan rabin kashi ɗaya cikin 100 a shekara, shekara bakwai ba za ta cinye kashi ɗaya bisa uku ba. A cikin baƙin akwatin nan da ke bayan faranti akwai dayod guda uku, kowane yana kula da sulusin farantin. Idan ɗaya ya ƙone ya haɗe, sulusin nan ya fita daga lissafi gaba ɗaya. Da na buɗe akwatin, ga shi nan ya yi baƙi, robar gefensa ta narke. Farantin da ke nuna 27 a sake, idan aka ɗora masa aiki ba zai iya tura wuta cikin batirin da ke neman 28 ba. Ya zama ɗan kallo, wani lokaci ma jan wutar 'yan uwansa yake yi.

Me ya ƙona shi? Zargina na kan reshen darbejiyar da ya girma yana rufe kusurwar farantin kullum da hantsi. Inuwa a gefe ɗaya ita ke sa dayod aiki ba hutu har ya yi zafi. Laifina ne, na fi wata shida ina cewa gobe zan sare.

Ban tsaya nan ba, tunda na riga na hau. Ƙurar hunturu ta yi kauri a kan gilasan, ga kashin tantabaru. Lura da wannan: ƙura ba ta cika rage bolt a mita ba, yawan wutar da ke gudana take ragewa, don haka mita na iya nuna maka 40 alhali cajin kaɗan ne. Na wanke da ruwa da tsumma mai laushi washegari da sassafe, kafin gilas ya ɗau zafi. Sannan na bi waya. Tamu ta ratsa ta saman ɗakin kaji, kuma warin nan na kashin kaji, wato amoniya, yana cin tagulla. Wurin da aka ɗaure waya da salatif ya yi kore shar. A bakin faranti ina da wani adadi, a bakin kwantirola ya ragu da fiye da bolt ɗaya idan ana caji. Na yanke wurin, na sa mahaɗi na MC4, na janye wayar daga ɗakin kajin.

Dayod ɗin, mai gyaran rediyo ne ya canza min shi, kuɗin bai kai na kiret ɗin ƙwai ba. Batir kuwa na duba ruwansu, na ƙara ruwan batir, ba na rijiya ba. Bayan kwana uku na rana mai kyau suka fara taɓa 28.8, da asuba kuma ina samun 24.6, inbata ta daina kuka.

Ba zan ɓoye muku ba, batir ɗin sun ɗan ji jiki, domin wata da watanni suna kwana ba caji cikakke, kuma hakan yana rage musu kwana. Ƙwan nan ma ba duka suka fashe ba, na yi asarar wasu. Yanzu na sayi mita tawa, kuma duk ranar da zan zuba sabon ƙwai a inji, sai na fara rubuta bolt ɗin tsakar rana da na asuba a littafin gona, kusa da lissafin abinci.