Farcen Kanti A Abuja: Ado Daga Ketare, Lissafi Da Dala

ABUJA – Duk wanda ya bi titin Aminu Kano ko na Adetokunbo Ademola a Wuse II zai ga shagunan gyaran farce a jere, a tsakanin kantunan magani da gidajen abinci. Haka lamarin yake a Gwarinpa da Garki da Maitama. Cikin nau'o'in adon da ake yi a waɗannan shaguna, akwai wanda yayi ke wucewa ya bar shi, wato wanda ake kira adon Faransa: a shafe jikin farce da launi mai kama da na halitta, a ja farin layi a bakinsa.

Sunan kuwa yana ruɗi, domin ba a Faransa aka ƙago shi ba. Wani Ba'amurke mai suna Jeff Pink, wanda ya kafa kamfanin Orly a 1975, shi ne ya fito da shi saboda 'yan wasan fim na Hollywood, waɗanda ke ɓata lokaci wajen sauya jan farce duk sa'ad da suka sauya tufa. Da ya kai salon wajen masu nunin tufafi a Paris ya karɓu, sai ya laƙaba masa sunan Faransa. Shi ma farcen akirilik da ake ɗora adon a kai daga ɗakin likitan haƙori ya fito. A shekarun 1950 wani likita a Philadelphia, Fred Slack, ya karya farcensa a bakin aiki, ya ɗinke shi da sinadarin da ake gyaran haƙori da shi.

Aikin kansa ba inji yake yin sa ba. Mai gyara kan tsoma burushi cikin wani ruwan sinadari, ta dangwali gari, ta ɗora cakuɗin a kan farce, ta daidaita shi kafin ya ƙandare cikin 'yan mintoci. Daga nan sai goga da gyaran siffa. A wajen farin layin nan ne ake gane gwana, domin in ya karkace a yatsa ɗaya, kowa zai gani daga nesa. Haka kuma launin da aka fara yi dominsa na farar fata ne, saboda haka ƙwararru a nan sukan zaɓi ruwan ƙasa-ƙasa da zai hau da fatar mai shi. Ma'aikatan banki da na ma'aikatu sun fi son gajere, amare da 'yan biki su nemi dogo. Abin da ba ya cikin lissafin Jeff Pink shi ne miyar manja da ƙurar hunturu, waɗanda ba sa raga wa farin baki.

Ga mai jari, daɗin wannan sana'a shi ne mai ciniki ba ta zuwa sau ɗaya. Farcen ɗan'adam yana tsiro kamar milimita 3 a wata, don haka bayan mako biyu zuwa uku giɓi yakan bayyana a gindin farcen, dole a dawo a cike. Shagon da ya riƙe mata talatin ko arba'in masu dawowa a kai a kai ya san abin da zai shigo masa kafin wata ya kama.

Sai dai kusan duk kayan aikin daga waje suke zuwa, galibi daga Sin da Amurka, su sauka Legas, 'yan sari su ɗauko daga kasuwar Trade Fair zuwa kasuwar Wuse. Ke nan da Dala ake saye, da Naira ake sayarwa. Kafin Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira a watan Yunin 2023, ana canjin Dala a kan kimanin Naira 460 a hukumance. A Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ga janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, wanda ya tsawwala kuɗin janareta, sannan a Afrilun 2024 kuɗin wuta na rukunin Band A ya koma Naira 225, wato ya ninka fiye da sau uku. Kuɗin hayar shago a tsakiyar birni kuwa ba a magana. Shi ya sa da yawa daga masu sana'ar suka gwammace su ɗauki akwatin kayansu su bi mata gida, suna tallar aikinsu a Instagram da WhatsApp.

Tsada kuma ita ke buɗe ƙofar algus. Akwai ruwan sinadari mai araha da ake kira MMA, wanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ɗauki matakin kotu a kansa tun 1974, saboda ƙaiƙayi da lalata farce. Yana da wari mai ƙarfi, yana taurin da in farcen ya bugi wani abu sai ya ɗago na halitta, kuma da ƙyar yake narkewa wajen cirewa. Wanda aka amince da shi shi ne EMA. A nan gida NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke da alhakin rajistar kayan kwalliya, amma ruwan da aka juye cikin kwalbar da ba ta da rubutu babu lambar da za a duba a jikinsa. Mai shagon da ta rage 'yan Nairori ta wannan hanya tana iya rasa mai ciniki da ƙawayenta gaba ɗaya.

Akwai kuma iyakar da kasuwar ba ta iya tsallakewa. Malamai sun bayyana cewa duk abin da ya hana ruwa taɓa farce yana hana ingancin alwala, lalle kuwa rini ne kawai, ba ya tare ruwa. Saboda haka mata Musulmi da dama ba sa kusantar akirilik, wasu kuma sukan sayi farcen mannawa da ake cirewa a rana ɗaya in biki ya tashi. Shagunan da suka fahimci wannan sukan ajiye mai ƙunshi a gefe, musamman lokacin Sallah da watan Disamba, sa'ad da bukukuwa ke cika birnin. A bakin ƙofarsu kuma samarin nan 'yan yankan farce na nan suna wucewa suna kaɗa almakashi, suna neman nasu masu cinikin a tashoshin mota da gindin bishiyoyi.