Girman Zubi da Karanta Hannun Abokin Karawa a Wasan Poka

A wasan poka irin na Texas Hold'em marar iyaka, wanda ya yi tashe a gidajen caca na Las Vegas a Amurka, ana raba wa kowa karta biyu a rufe, sannan a baje biyar a tsakiyar tebur. Babu iyakar yawan zubi, mutum na iya tura duk kuɗin da ke gabansa a lokaci guda.

Girman zubi lissafi ne tsantsa. Idan akwai dala 100 a tsakiya, wani ya zuba 50, mai amsawa zai biya 50 don neman tulin da zai zama 200. Ke nan sai ya yi nasara sau ɗaya cikin huɗu kafin ya mayar da kuɗinsa. In an zuba 100 cur, sai sau ɗaya cikin uku. Shi ya sa mai burga yake ƙara kaurin zubi, don amsawa ta yi tsada.

Karanta hannu kuwa, wato gano kartar da abokin karawa ke riƙe da ita, ƙwararru ba sa cankar karta biyu takamaimai. Hannun farko na iya zuwa ta hanyoyi 1,326, sai su riƙa zubar da waɗanda ba su dace da zubin mutum a kowane zagaye ba. Kallon ido da rawar hannu da ake gani a fina-finai, galibi ado ne kawai.

Misalin ƙarfin wannan lissafi shi ne, a 2017, manhajar Libratus ta Jami'ar Carnegie Mellon ta lallasa ƙwararru huɗu a Pittsburgh cikin hannu 120,000, tana yawan zuba abin da ya ninka kuɗin tsakiya.